Haƙoran Injin Malam Sallau

To, ku gyara zama. Ga wata nan zan ajiye muku a tsakiya. Ba ta dariya ba ce, kuma idan na kai ƙarshenta ba ni zan yanke hukunci ba, ku ne. Wanda ya san yana da bakin gardama ya saurara tun daga farko.

A Gusau, zamanin mulkin soja, an yi wani mai hoto ana ce masa Malam Sallau. Shagonsa na bakin kasuwa, ɗaki ɗaya ne aka raba shi biyu da katako, gaba wurin ɗaukar hoto, baya ɗakin duhu inda ake wanki. A ɗakin duhun nan ne ya girke abin da ya fi tinƙaho da shi, wato injin wankin fim mai launi, wanda ya saya a hannun wani Bature mai aikin madatsar ruwa lokacin da zai koma ƙasarsu.

Injin ba wani babba ba ne, bai wuce akwatin kaya ba. Baho ne mai ruwan ɗumi, a cikinsa ake kwantar da wata baƙar ganga ta roba. Za a naɗe fim a jikin wani kwarkwaro mai kama da na zare cikin duhu, a jefa a gangar a rufe, sannan a maƙala bakinta a wani hannu da ke gefen injin. Ta cikin hannun nan ake ɗura maganin wanki, kuma shi ake ɗagawa idan lokacin magani ya cika, gangar ta karkata ta amayar da shi, a sauke ta a ɗura na gaba. A wuyan hannun akwai wasu faya-faye biyu ƙanana masu haƙora, irin waɗanda makanikai ke kira giya. Ɗaya na karɓo juyi daga cikin injin, ɗayar ta miƙa wa gangar. Muddin haƙoran nan na cizon juna, gangar za ta yi ta birgima gaba da baya, magani ya ratsa fim ko'ina daidai. Idan kuwa suka saki juna, ko na ɗan lokaci ne, gangar ta tsaya, rabin fim ya nutse cikin magani rabi ya tsaya a sama, hoton ya fito da zane-zane kamar an ja masa tsintsiya, ba a gane fuskar kowa.

Malam Sallau yana da 'ya'ya huɗu, uwarsu ta daɗe da rasuwa. Nomau ne babba, direba, ya sha wuyar karen mota da tuƙin motar mutane har ya mallaki tasa a-kori-kura. Mai bi masa Mati, wanda kawunsa ya ɗauka tun yana yaro ya koya masa ƙirar fari, har ya zama shi ake kai wa zobe da warwaro da agogon da ya lalace. Sai Lanti, mace ɗaya tilo, ita ce ta tashi a ɗakin duhu tana miƙa wa ubanta kwalaben magani, har hannunta ya fi nasa laushi wajen naɗin fim, kafin a yi mata aure a gidan wani ɗan kasuwa a Tudun Wada. Autansu Tunau, ƙato ne mai wushirya, dako yake yi a tasha, idan kaka ta yi kuma ya bi garuruwa yana kokawa.

Wata ranar Laraba da rani, 'yan fashi suka tare wata motar fasinja a hanyar Zariya suka kashe wani falken shanu. Bayan 'yan kwanaki aka zo tasha da ɗaya daga cikin fasinjojin da suka tsira, aka ce ya duba. Mutumin ya ga ƙato mai wushirya yana sauke buhu, ya nuna shi. Shi ke nan, aka kama Tunau.

Tunau ya rantse cewa a ranar yana can Tungar Bore, tafiyar yini guda daga inda aka yi fashin, an buɗe sabuwar kasuwa, an yi kokawa, har shi ya yi kaye na ƙarshe. Mutum biyu daga ƙauyen suka zo ba da shaida. A ƙofar kotu wani ya raɗa musu cewa mai shaidar ɗan fashi shi ma ɗan fashi ne, kafin a kira su sun sulale. A lokacin kuwa shari'ar fashi kotu ta musamman ke yin ta, ba a ɗaukaka ƙara. Aka yanke wa Tunau hukuncin harbi. Malam Sallau na tsaye a bayan kotu ya ji, ya nemi ya yi magana, sai bakinsa ya karkace, ya zube. Da ya farfaɗo ɓarin jikinsa na dama ya tafi, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito.

Damina ta faɗi yana kwance. Lauyan da ya tsaya musu ya zo har gida, ya ce abu ɗaya ya rage. Takardar hukunci na jiran sa hannun gwamna, kuma akwai wasu dattawa da ke duba irin waɗannan takardu kafin a kai masa. Su ba sa jin maganar baki. Amma in akwai abin da ido zai gani, zai kai musu da kansa. Ya ce a hanzarta, domin ya ji ana cewa kafin watan nan ya mutu za a fitar da mutane filin harbi.

Da aka kai wa Tunau wannan magana a kurkuku, sai ya ce ya tuna Bawale ya ɗauke shi hoto a ranar, an ɗaga shi a kafaɗa a ƙarƙashin ƙyallen da aka rubuta sunan kasuwa da ranar buɗe ta. Bawale mai hoton yawo ne, tsohon yaron Malam Sallau, yana bin kasuwannin ƙauye da kyamara a wuya. Tun rani ba wanda ya sake ganinsa.

Malam Sallau ya sa aka tara masa sauran 'ya'yansa uku. Ya daɗe yana juya harshe, sannan ya ce, "Ku nemo shi." Bai iya ƙara komai ba.

Nomau ne ya tashi. A ranar 'yarsa ƙarama tana kwance da zazzaɓi, jikinta kamar garwashi. Matarsa ta riƙe masa riga a zaure.

"Malam, ka bari jikinta ya yi sanyi tukuna. In ta rikice, wa zai kai ta asibiti? Motar nan kaɗai gare mu."

"Gobe warhaka na dawo," in ji shi. "Ita zazzaɓi ne. Shi bindiga ce."

Bai dawo gobe ba. Ya je Tungar Bore aka ce Bawale ya yi arewa. Ya bi kasuwa-kasuwa yana tambaya, a Shinkafi aka ce an gan shi, a gaba aka ce ya haye iyaka. Ya bi laka da ramuka har cikin ƙasar Maraɗi, inda ya iske shi a wani ƙauye kwance gidan maɗori, ya faɗo daga saman babbar mota ya karya cinya. Fim ɗin na nan cikin jakarsa, ba a wanke ba. Bawale ya ba shi, yana kuka, ya ce a gaida Malam.

A hanyar dawowa Nomau ya iske gulbi ya kawo, ruwa ya shafe gada. Direbobi sun jera motoci suna jiran ya janye, wasu sun kwana biyu a wurin. Suka ce masa ya jira. Ya dubi sama ya ga wani hadarin na haɗuwa, ya tuna watan da ke mutuwa, ya ɗaure fim a leda ya cusa cikin hularsa, ya sa giya ya shiga. A tsakiya ruwa ya ɗaga motar kamar ƙwarya. Ya fita ta taga, ruwa ya yi ta wulwula shi har ya kama reshen wata giyayya, masunta suka ciro shi. Motar ba a ƙara ganinta ba sai da rani, ƙarfenta kawai, binne cikin yashi. Hular tana kansa, amma ledar ta huje, ruwan gulbi ya shiga cikin gwangwanin fim.

Da ƙafa da taimakon masu babura ya iso Gusau. Shagon ubansa ya fara zuwa ya ajiye fim, sannan ya wuce gida. Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a ƙofar gidansa, maza na zaune. An rufe yarinyar tun shekaranjiya. Ciwon ya tashi mata da asuba, aka yi ta neman mota ba a samu ba.

Aka kai fim Kaduna, aka kai Kano. Duk inda aka nuna shi sai masu wanki su girgiza kai. Injinansu na zamani jan fim suke yi ta tsakanin robobi, suka ce wannan da ya sha ruwa ya kumbura ya manne da juna, da an ja shi fatar da hoton ke jikinta za ta saluɓe. Wani tsoho a Kano ya ce in da za a samu injin ganga, inda fim ke kwance a kwarkwaro magani ne ke zagaya shi, wataƙila a tsira da wani abu.

Malam Sallau ya ji wannan magana ya rufe ido. Ya san injin ganga guda ɗaya ne a duk yankin, nasa ne, kuma ya san abin da ke damunsa. Tun kafin a kama Tunau giyar da ke miƙa wa gangar juyi ta zubar da haƙora. Ta roba ce, shekaru da ɗumin ruwa sun cinye ta. Kamfanin da ke kawo kayan injin ya daɗe da naɗe tabarmarsa. Ya yi ta cewa zai nema, zai nema, har abin da ya faru ya faru.

Aka ɗauke shi a kujera aka kai shi shago. Da hannun hagu ya nuna wa Mati wuyan hannun injin. Mati ya kwance, ya zaro giyar, ya ɗora ta a tafin hannu. Ba ta fi bakin kofin shayi faɗi ba.

"Baba, zan zuba ta da tagulla," in ji shi. "Amma ka sani, tagulla ta fi roba ƙarfi. Za ta ci 'yar'uwarta. Wanki ɗaya za ta ba mu, in Allah ya so. Daga shi injin ya gama."

Malam Sallau ya dubi injin, ya dubi ɗansa, ya gyaɗa kai.

Mati ya koma maƙerarsa ya rufe ƙofa, ya mayar wa masu zobe da masu agogo kayansu. Ya cike gurbin haƙoran da suka zube da kakin zuma, ya fere su da tsinin allura har suka yi daidai da sauran, ya ɗauki siffar a yumɓu. Irin wannan yumɓu sai ya sha rana ya bushe ƙayau kafin a zuba masa narkakken ƙarfe, duk maƙeri ya san haka. To amma damina ce, rana ba ta fitowa, kwanaki kuma na tafiya. Ya gasa shi a bakin wuta iyakar yadda zai iya, ya ƙwanƙwasa ya ji kamar ya yi, ya zuba. Ashe da sauran danshi a ciki. Yumɓun ya fashe, tagulla ta yi tsalle, ɗigo ɗaya ya shiga idonsa na dama.

Maƙwabta suka ji ƙara suka ɓalle ƙofa, suka ce a tafi asibiti. Ya ce idan ya je za su kwantar da shi, kuma ba wani a garin da zai iya wannan aiki. Ya sa aka ɗaure masa idon da tsumma, ya sake kwaɓa yumɓu. Na biyun ya yi. Sai dai abin da ya fito daga yumɓu ba giya ba ce tukuna, guntun tagulla ne mai kaushi. Haƙoran sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da magagari. Ya zauna bakin ƙofa inda haske yake, ido ɗaya na zubar da ruwa ɗaya na aiki, yana goga yana gwadawa da tsohuwar, yana goga yana gwadawa. Mai ido ɗaya ba ya gane zurfi, sai ya koma auna ramin haƙoran da farcensa da kuma harshe. Ran da ya kawo giyar shago fuskarsa ta kumbura har ba a gane shi. Ya sa ta a gurbinta, aka kunna inji, gangar ta birgima gaba, ta birgima baya. Daga nan aka wuce da shi asibiti. Likita ya ce da an zo ranar da abin ya faru da an ceci idon. Aka cire shi.

Saura mai wanki. Malam Sallau ba hannu. Yaran shagon sun watse tun da aka fara kiran wurin shagon uban ɗan fashi. Masu hoton garin ba wanda ya taɓa aiki da ganga, ba kuma wanda ke son a ce da hannunsa a ciki. Lanti kaɗai ta rage.

Mijinta ya riga ya hana ta zuwa gidansu tun ranar hukunci. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, da suna yake ci, abokan cinikinsa sun fara yi masa wani irin kallo. Da saƙon ubanta ya iso, ta durƙusa gabansa.

"Alhaji, yini ɗaya nake roƙo. In na gama ba zan ƙara tambaya ba."

"Na gaya miki. In kika taka ƙofar shagon nan, ki wuce gidanku gaba ɗaya. Yara kuma nawa ne."

Ta yi wa yaranta biyu wanka, ta ba su abinci, ta ce su je ɗakin kakarsu. Ta yafa mayafi ta fita.

A ɗakin duhu ba a kunna ko ashana idan ana buɗe fim mai launi. Aka zaunar da Malam Sallau a lungu, aka toshe ƙofa da bargo. Ba ya ganin komai, numfashin 'yarsa kawai yake ji, da motsin ruwa. Ta fasa gwangwanin cikin kwano mai ruwan sanyi, ta bar fim ya jiƙu, sannan ta fara ɓamɓare shi daga jikin kansa da gefen farce, kaɗan-kaɗan, tana naɗawa a kwarkwaro. Tun hantsi take yi har aka kira azahar, aka kira la'asar. Can ya ji wani ɗan sauti, kamar an yage ganye. Numfashinta ya tsaya.

"Baba, ya yage. Wajen ƙarshe. Ya manne sosai, na ja shi."

Ya so ya ce mata ba komai, harshen ya ƙi. Ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ta gane, ta ci gaba da abin da ya saura.

Da ta rufe gangar aka buɗe ƙofa, haske ya shigo. Ta auna ɗumin ruwa, ta jera kwalabe, ta maƙala gangar a hannun injin, ta kunna. Giyar Mati ta kama. Ta ɗura magani na farko, wanda shi ne ke fito da hoto, shi ne kuma ba ya yafe kuskure. Gangar na birgima, Malam Sallau na bin ta da ido, leɓensa na motsi.

Ba a kai rabin lokacin maganin ba sai sautin injin ya sauya. Tagullar ta fara cin robar da ke kusa da ita, farin gari na zubowa, sabuwar giyar kuma ta soma zamewa waje a kan sandarta, haƙoran na neman sakin juna. Gangar ta yi tangaɗi sau ɗaya. Malam Sallau ya yi wani gurnani, ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Lanti ba ta tsaya neman ƙarfe ko tsinke ba, babu lokacin. Ta sa babban yatsanta na dama ta danne giyar a gurbinta. Haƙoran da ɗan'uwanta ya goge suka shiga cin naman yatsan, su juya gaba su yanka, su juya baya su yanka. Da hannun hagu ta ɗaga hannun injin ta zubar da magani, ta sauke, ta ɗura na biyu. Jini na bin tagulla yana ɗiga cikin baho. Uban na kallo, ba abin da zai iya. Ba ta ɗaga yatsan ba sai da magani na ƙarshe ya fita. Tana sakewa giyar roba ta rabe biyu, injin ya yi ƙugi ya tsaya, bai ƙara tashi ba har yau.

Suka rataye fim ya bushe. Yawancinsa ruwan gulbi ya riga ya cinye, sai dabbare-dabbare. Wajen da ya yage ya tafi da hotunan da Bawale ya ɗauka kusa-kusa. Guda ɗaya ya tsira, wanda aka ɗauka daga nesa. Malam Sallau ya ɗaga shi wajen taga da hannun hagu. Ga taron mutane, ga ƙyalle da rubutu a sama, ga wani ƙato a kan kafaɗun jama'a ya buɗe baki yana dariya. Aka kai Kaduna aka buga shi babba. Ranar da aka rubuta a ƙyallen ta fito, wushiryar ta fito.

Lauya ya kai wa dattawan. Suka aika Tungar Bore, yanzu da hoto a hannu mutanen ƙauye suka sami bakin magana. Ran da aka fitar da mutane filin harbi, ba Tunau a cikinsu. Yana ɗakinsa ya ji an buɗe ƙofofin maƙwabtansa, ya ji an wuce tasa. Amma sakinsa bai zo da wuri ba, takarda ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis har aka yi girbi.

Wanda aka sako ba shi ne ƙaton da aka kama ba. Ƙasusuwa ne cikin riga, da tari mai fitar da jini wanda ya ɗauko a kurkuku. Ya gaida ubansa, ya dubi idon Mati, ya dubi hannun Lanti, ya tambaya ina motar Yaya Nomau. Suka dubi juna. Da ya gane, sai ya juya fuska bango. Aka yi magani iyakar ƙarfi. Bai ga wata daminar ba. Ya cika a ɗakin ubansa, a kan tabarma, 'yan'uwansa na riƙe da shi, aka yi masa wanka da salla, jama'ar unguwa da suka guje su suka zo suka raka shi. Abin da aka samu ke nan. Ba a ɗaure shi a turken harbi ba, kuma ba a ƙara ce masa ɗan fashi ba.

Bayan an share makoki Malam Sallau ya zauna ya dubi abin da ya rage masa. Nomau ya koma tasha yana jiran a ba shi tuƙin kwana ɗaya, wata rana a samu wata rana a rasa. Matarsa na gidan, tana dafa masa abinci, amma tun ranar ba ta ƙara haɗa ido da shi ba. Mati ya koma maƙera, sai dai aikin zobe da agogo ya fi ƙarfin ido ɗaya, masu kawowa suka daina, ya koma gyaran bokiti da fitila. Lanti na ɗakin uwarta da takardar saki, yatsan ya ƙage ba ya lanƙwasuwa, 'ya'yanta kuwa sai ta tsaya a bakin hanyar makaranta take ganinsu daga nesa. Ba wanda ya zo ya yi wa uban ƙorafi. Da ma sun yi, da ya fi masa sauƙi.

Sai ga saƙo daga hukumar kasuwa. Shagon dama ba mallakarsa ba ne, haya ce ta shekara da shekaru, don haka ba ya shiga rabon gado. Suka ce tunda ba ya iya aiki, ya ba da sunan mutum ɗaya daga cikin 'ya'yansa a mayar masa, in ba haka ba a ba wani. Suna ɗaya, ba biyu ba. Shago ne a bakin kasuwa, ko ruwan sanyi mutum ya sa a ciki zai ci abinci, amma gida ɗaya zai iya riƙewa, ba uku ba.

Ya kira su, ya yi ta fama har ya faɗa musu. Nomau ya ce, "Baba, duk wanda ka ba, daidai ne." Mati ya ce haka. Lanti ta sunkuyar da kai. Suka tashi suka bar shi da abinsa.

Ya yi ta juya maganar. In ya tuna Nomau, sai ya ce ba don shi ba da fim na can cikin jakar Bawale, kuma shi ne aka binne wa 'ya bai ga gawarta ba. Sai wata zuciyar ta ce masa, da ya yi haƙuri a bakin gulbi kamar sauran direbobi, da fim bai jiƙe ba, da kowane shago a Kaduna ya wanke shi, da Mati na da idonsa, Lanti na ɗakinta. Sai ta farkon ta amsa, da ya jira ruwa ya janye, wa ya san ko da an riga an yi harbin?

In ya tuna Mati, sai ya ce ba don shi ba da gangar ba ta motsa ba, kuma shi ya zaɓi ya ba da ido da saninsa, ana ce masa ga asibiti. Sai ya tuna gaggawarsa ce ta fasa yumɓu, kuma giyarsa ce ta zame ta ci yatsan ƙanwarsa. Amma wa zai goge haƙora da ido ɗaya su zauna daram?

In ya tuna Lanti, sai ya ce ba don ita ba da wahalar 'yan'uwanta duka ta tashi a banza, kuma ita kaɗai ce ta san farashin tun kafin ta fito, an faɗa mata baki da baki, ta fito. Sai ya tuna a hannunta fim ya yage, saura kaɗan a rasa komai. Sai kuma ya tuna yatsan a kan tagulla, da yadda ba ta ko yi ƙara ba.

Mutumin hukumar kasuwa ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma. Zuwansa na ƙarshe ya zauna a gaban tsohon da alƙalami a hannu, ya ce yau ba zai tashi ba sai da suna. 'Ya'yan uku na tsaye a bakin ƙofa, ba mai kallon wani. Malam Sallau ya buɗe baki, harshen ya motsa, kuma wannan karon ba ciwo ne ya riƙe shi ba.

A nan zan tsaya, alƙalamin na hannunku. Ga wanda ya ɗauko, ga wanda ya ƙera, ga wadda ta wanke. Tsakanin Nomau da Mati da Lanti, sunan wa ya kamata tsohon nan ya faɗa?